Mujallun Binciken Labarin Ƙasa: Abin da Aka Rubuta Game da Yamai da Koginta

A farkon watan Satumba na shekarar 2020 kogin Kwara, wanda mutanen Yamai suka fi sani da sunan Isa, ya cika ya batse. Ma'aunin ruwa da ke birnin ya nuna kimanin mita 7, tsawon da ba a taɓa gani ba tun shekarar 1929 da aka fara rubuta awon kogin a wurin. Ruwa ya fasa katangar ƙasa da aka yi don tare shi, ya kwarara cikin unguwannin ƙetaren kogi irin su Lamorde, ya rusa gidaje, ya shafe gonakin shinkafa. Cikin waɗanda suka ɗauki kayansu a ka a wannan makon akwai dattawan da suka taɓa ganin akasin haka da idonsu. A watan Yuni na shekarar 1985 wannan kogi ya daina gudu a Yamai, har mutane suka riƙa ƙetare shi da ƙafa.

Yaya aka yi kogin da ya ƙafe ya koma yana cin gidaje? Kowa da amsarsa a majalisa. Wani ya ce ruwan sama ne ya ƙaru, wani ya ce yashi ne ya cike kogin, wani kuma ya ɗora laifin a kan ƙasashen da ke sama da mu. Akwai kuma mutanen da sana'arsu ke nan: su auna ruwa, su duba ƙasa, su kwatanta bana da shekarun baya. Idan sun gano wani abu sai su rubuta, wasu masana su tantance, sa'an nan a buga shi a cikin mujallar bincike. Wannan bayani zai nuna wa mai karatu mece ce irin wannan mujalla, yadda take aiki, waɗanda ake bugawa a Yamai, da abin da aka rubuta a cikinsu game da ƙasar da muke takawa.

Labarin ƙasa da mujallarsa

Labarin ƙasa ilimi ne da ke nazarin doron ƙasa da zaman mutane a kansa. Wani ɓangarensa yana duba tuddai da kwaruruwa, koguna da tafkuna, ruwan sama, iska da itatuwa. Wani ɓangaren yana duba mutane: inda suka kafa gari da dalilin kafa shi a nan, yadda suke noma da kiwo, hanyoyin fatauci, da yadda birni yake faɗaɗa yana cinye gonaki. Babban kayan aikin masanin labarin ƙasa shi ne taswira. Wannan ilimi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya bayyana ƙasashen wannan yanki a cikin littafinsa Infaƙul Maisuri, kuma a shekarar 1824 ya ba matafiyin Birtaniya Clapperton taswirar da ke nuna garuruwa da hanyar kogin Kwara.

Mujallar bincike kuwa ta bambanta da jarida. Jarida tana kawo labarin jiya da na yau, wakilinta ya rubuta da dare, da safe ta fito. Mujallar bincike takan fito sau ɗaya, ko biyu, ko huɗu a shekara, wata ma fiye da haka, kuma abin da ke cikinta maƙaloli ne na masana, kowace maƙala sakamakon aikin watanni ko shekaru. Ba a sayar da ita a bakin titi. Jami'a ce ke buga ta, ko cibiyar bincike, ko ƙungiyar masana, ko kamfanin ɗab'i. Kowace fitowa tana da lamba da shekara, domin wanda ya zo nema bayan shekara 50 ya same ta ba tare da wahala ba.

Mujallu na farko irin waɗannan sun fito a shekarar 1665, ɗaya a birnin Paris, ɗaya a Landan. Manyan mujallun labarin ƙasa da ake karantawa har yau sun zo daga baya: Annales de Géographie ta Faransa a 1891, Geographical Journal ta Ingila a 1893, sai Les Cahiers d'Outre-Mer da aka kafa a birnin Bordo a 1948, wadda ta fi mai da hankali ga ƙasashe masu zafi irin namu. A maƙwabciyarmu Najeriya ƙungiyar masana labarin ƙasa ta fara buga tata mujallar a 1957.

Yadda maƙala take shiga mujalla

Wannan shi ne zuciyar al'amarin, don haka ya kamata mu ɗan daɗe a kansa.

A ce wata malama a jami'a ta yi shekara uku tana auna zurfin ruwa a rijiyoyin ƙauyuka 30. Ta gama, ta rubuta maƙala, ta aika wa editan mujalla. Edita ba ya bugawa nan take. Zai fara dubawa ko batun ya dace da mujallarsa. Idan ya dace, sai ya tura maƙalar ga masana biyu ko uku waɗanda suka san fannin, galibi daga wasu jami'o'i, wani lokaci daga wasu ƙasashe. Waɗannan su ne masu tantancewa. A yawancin mujallu marubuciya ba ta sanin ko su wane ne, kuma a wasu mujallun su ma ba a gaya musu sunanta. Hikimar ɓoye suna ita ce kada kunya ko sanayya ko tsoron babba su hana a faɗi gaskiya.

Masu tantancewa suna yin tambayoyi irin na alƙali. Da me aka auna ruwan? A wane wata aka auna, da rani ko da damina? Rijiya 30 sun isa a yanke hukunci a kan jiha guda? Shin lissafin ya fita daidai? An karanta abin da waɗanda suka riga ta suka rubuta? Daga nan kowannensu ya ba edita shawara: a buga, ko a mayar mata ta gyara, ko a ƙi. Mafi yawan maƙaloli sai an mayar da su gyara, wasu har sau biyu ko uku. Shi ya sa daga ranar aikawa zuwa ranar fitowa akan ɗauki watanni da yawa, wani lokaci fiye da shekara. Masu tantancewa galibi ba a biyan su ko sisi. Suna yi ne domin gobe su ma wani zai duba nasu.

Maƙalar da ta fito tana da tsari sananne. A sama akwai suna da sunayen marubuta da wurin aikinsu. Sai taƙaitawa, wato 'yan layuka da suka tattara dukan abin da aka gano. Sai bayanin wurin da aka yi binciken da hanyar da aka bi, sai sakamako tare da taswira da alƙaluma, sai tattaunawa a kan ma'anarsa. A ƙarshe akwai jerin ayyukan da aka dogara da su. Wannan jeri yana kama da yadda malaman addini suke ambaton wanda suka karɓi karatu daga gare shi: kowace magana a san asalinta. Bayanin hanyar da aka bi shi ne mafi muhimmanci, domin da shi wani zai iya komawa waɗannan rijiyoyi ya sake aunawa, ya ga ko gaskiya aka faɗa.

Mujallun da ake bugawa a Yamai

Gidan bincike mafi tsufa a wannan fanni a Yamai shi ne Cibiyar Binciken Ilimin Ɗan Adam, wadda aka fi sani da IRSH. Asalinta reshe ne na cibiyar IFAN da Faransawa suka buɗe a Yamai a shekarar 1944. Boubou Hama ya shugabance ta a shekarun 1950. Bayan samun mulkin kai ta zama ta ƙasa, kuma a 1974 aka haɗa ta da jami'a. Wannan cibiya ta daɗe tana fitar da jerin littattafan bincike mai suna Études Nigériennes, wato nazarce-nazarcen Nijar, kowanne da lambarsa. A cikin jerin ne aka buga aikin Djibo Hamani a kan tarihin Adar a 1975, da aikin Hamidou Arouna Sidikou a 1974 a kan zama da ƙaurar mutane a yammacin ƙasar. Sidikou yana cikin 'yan Nijar na farko da suka shahara a ilimin labarin ƙasa, kuma babban kundin digirinsa na 1980 a kan birnin Yamai ne kacokan.

Mujallar wannan cibiya tana da suna na Hausa: Mu Ƙara Sani. Tana buga maƙaloli a kan tarihi, harsuna, zaman jama'a da labarin ƙasa. Abin da zai ba mai karatu dariya, ko haushi, shi ne sunan ne na Hausa, amma in ka buɗe ciki Faransanci za ka tarar. Za mu dawo kan wannan.

Ita jami'ar an fara ta a matsayin cibiyar ilimi mai zurfi a 1971, ta zama Jami'ar Yamai a 1973, kuma a 1992 aka sa mata sunan Abdou Moumouni, masanin kimiyya haifaffen Tasawa wanda ya yi fice a binciken hasken rana. Sashen labarin ƙasa yana cikin tsangayar adabi da ilimin ɗan Adam, a ƙetaren kogi, wato a ɓangaren da ambaliya ta fi addaba. Jami'ar tana da mujallarta mai suna Annales de l'Université Abdou Moumouni, inda malamanta da na wasu jami'o'in Afirka suke buga ayyukansu. Akwai kuma cibiyar AGRHYMET, wadda ƙasashen Sahel suka kafa a Yamai a 1974 bayan babban fari, tana tattara bayanan ruwan sama da amfanin gona, da cibiyar LASDEL da aka buɗe a 2001, wadda take sa rahotannin bincikenta a intanet kyauta.

Me ya sa malaman jami'a suke matsa wa kansu sai sun buga maƙala? Ban da son ilimi, akwai batun ƙarin girma. A Yamai ne shugabannin ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci suka kafa majalisar CAMES a 1968, wadda hedkwatarta take Wagadugu. Kwamitocinta ne suke duba ayyukan malami kafin ya hau mataki na gaba, kuma abin da suke ƙirgawa shi ne maƙalolin da ya buga a mujallun da aka yarda da su. Malamin da bai buga ba, ko ya fi kowa iya koyarwa, yana nan inda yake.

Sai dai ba duk binciken da aka yi a kan Nijar ake bugawa a Nijar ba. Kaso mai yawa yana fita a mujallun Faransa, Ingila, Amurka da Holan. Alal misali, a 1994 mujallar labarin ƙasa ta birnin Grenoble a Faransa ta keɓe fitowa ta musamman a kan Nijar, wadda malaman Yamai suka yi tare da takwarorinsu na Faransa da Suwizalan. Kuma masanin labarin ƙasa ba a mujallar fanninsa kaɗai yake rubutu ba. Yana shiga mujallun ilimin ruwa, na yanayi da na aikin gona.

Abin da mujallu suka ce game da ambaliyar Yamai

Yanzu mu koma ga tambayar da muka fara da ita.

Masunta da masu lambu sun daɗe da sanin cewa kogin yana cika sau biyu a Yamai. Cika ta farko tana zuwa da damina, a watannin Agusta da Satumba, kuma ruwanta ja ne, cike da laka. Wannan ruwa yana fitowa daga rafuka uku da suke gangarowa daga wajen Burkina Faso su faɗa kogin kafin ya iso Yamai, wato Goruwal, Dargol da Sirba. Cika ta biyu tana zuwa da sanyi, wajen Disamba zuwa Fabrairu. Ruwanta ya taso ne tun daga tsaunukan Gini, ya bazu a fadamun tsakiyar Mali, ya yi watanni yana tafiya a hankali, laka ta kwanta, ya iso a tace. A da, cikar sanyi ce babba, ta damina kuwa ƙarama ce.

A shekarar 2012 Luc Descroix da abokan aikinsa sun buga maƙala a mujallar Global and Planetary Change, inda suka jera awon kogin na shekaru masu yawa. Sun nuna cewa lamarin ya juya: jan ruwa na damina ya riƙa ƙaruwa yana zuwa da ƙarfi, har ya zama shi ne abin tsoro. Ambaliyar 2010 da ta 2012 da ta 2020 duk jan ruwa ne. Wato ruwan da ke cin gidajen Yamai ba daga nesa yake tasowa ba.

To me ya ƙara wa rafukan nan ruwa? Nan ne abin mamaki yake. Rafukan sun fara ƙaruwa tun a shekarun fari, lokacin da ruwan sama ya ragu. Haka kuma a 2001 Christian Leduc da abokan aikinsa sun buga a mujallar Journal of Hydrology cewa ruwan rijiyoyin da ke gabashin Yamai yana ƙara hauhawa shekara bayan shekara. Wata maƙala ta 2009 ta ba da adadi: ruwan ƙarƙashin ƙasa ya hau da kimanin mita 4 daga 1963 zuwa 2007, alhali ruwan sama ya ragu da wajen kashi 23 cikin 100 tsakanin 1970 da 1998. Masana suka sa wa wannan abu suna, suna kiransa abin al'ajabin Yamai.

Bayanin da suka bayar manomi zai gane shi nan da nan. Da jama'a suka yawaita, aka sare daji aka mai da shi gona, aka rage barin saura ta huta. Ƙasar da ba ta da inuwar itace da ciyawa, idan ruwan sama ya doke ta, sai samanta ya daskare ta zama faƙo. Ruwa ba ya shiga faƙo, gudu yake yi. Yana gudu yana yanka kwazazzabai. A inda ƙasa take da kwari marar mafita, ruwan yakan taru ya zama tafki, daga ƙasan tafkin ya tsiyaya ya ƙara wa rijiyoyi. A inda kwazazzabai suke da hanya zuwa kogi kuwa, ruwan yakan isa can cikin gaggawa, ɗauke da yashi da jar ƙasa. An tabbatar da haka ta hanyar kwatanta tsofaffin hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama tun 1950 da na baya-bayan nan: itatuwa sun ragu, kwazazzabai da tafkuna sun ƙaru. Kada mai karatu ya ɗauka cewa hawan ruwan rijiya riba ce ta sare daji. Ruwan da ya sauka rijiya shi ne wanda ya kamata ya tsaya a gona ya shayar da gero.

Magana ba ta ƙare a nan ba, domin a mujallu magana ba ta cika ƙarewa. A 2017 wasu masana yanayi, Christopher Taylor da abokan aikinsa, sun buga a mujallar Nature cewa manyan hadura masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a yankin Sahel tun daga 1982, bisa ga hotunan tauraron ɗan Adam. Ke nan ban da ƙasa da ta taurare, shi kansa ruwan saman ya sake hali. Masana suna ci gaba da muhawara a kan wanne ya fi nauyi a cikin biyun. Su kuma masu nazarin birni suka kawo na uku. Hamadou Issaka na cibiyar IRSH da Dominique Badariotti sun rubuta a Les Cahiers d'Outre-Mer a 2013 game da ambaliya a Yamai, suka jawo hankali ga inda mutane suke gina gidaje da yadda ake tafiyar da filaye. Birnin da mutanensa ba su wuce kimanin 30,000 ba a 1960 ya haura miliyan ɗaya a ƙidayar 2012. A shekarun da kogi ya ja baya, mutane sun gina a gadon ruwa, kuma ruwa ba ya manta hanyarsa.

Amfanin wannan sani a fili yake. Idan jan ruwa ne matsala, to ɗaga katanga a Yamai kaɗai ba zai wadatar ba. Sai an haɗa da gyaran ƙasa a can inda ruwan yake tasowa, da tassa, da rabin wata, da jera duwatsu, da barin itatuwa su tofo, sa'an nan a daina raba filaye a gadon ruwa.

Mujalla ma takan yi kuskure

Kada a ɗauki abin da ke cikin mujalla kamar saukakken littafi. A 1934 wani malamin ilimin gandun daji daga Birtaniya, mai suna Stebbing, ya zagaya arewacin Najeriya da kudancin Nijar. A 1935 ya buga a Geographical Journal cewa hamadar Sahara tana tahowa kudu tana cinye ƙasar noma. Maganar ta tayar da hankalin gwamnatocin mulkin mallaka, har Ingila da Faransa suka haɗa kwamiti ya bi yankin iyakar ƙasashen biyu a 1936 zuwa 1937. Kwamitin bai ga hamada tana tafiya ba. Ya ga dai wurare nan da can da sara da noma suka gajiyar da ƙasa. A 1938 ɗaya daga cikin 'yan kwamitin, Brynmor Jones, ya mayar da martani a cikin ita wannan mujallar. (Duk wanda ya ratsa ƙasar nan a watan Maris zai rantse babu abin da zai sake tsirowa; ya dawo a Agusta ya gani.) A 1991 mujallar Science ta buga binciken tauraron ɗan Adam da ya nuna cewa bakin hamada yana matsowa kudu a shekarar fari, ya koma arewa a shekarar ruwa. Daga baya kuma bincike ya nuna cewa manoman Maraɗi da Damagaram sun raya itatuwa, musamman gawo, a gonakin da aka ƙiyasta sun kai hekta miliyan 5, ta hanyar sassaben zamani.

Kuskuren Stebbing ya wuce edita ya shiga mujalla. Amma saboda ya rubuta inda ya je da abin da ya gani, an sami damar bin sawunsa a gyara. Jita-jitar kasuwa ba ta da sawun da za a bi.

Abin da ya raba mujallu da jama'a

Shinge na farko harshe ne. Matar da ta amsa tambayoyin mai bincike da Hausa ko Zabarmanci, aka auna rijiyarta, aka ɗauki hoton gonarta, ba za ta iya karanta abin da aka rubuta a kanta ba, ko da ta gama ajin yaƙi da jahilci da sakamako mai kyau. A shekarar 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. A ganinmu, ƙaramin abin da mujallun Yamai za su iya yi shi ne su ƙara taƙaitawa da Hausa da sauran harsunan ƙasa a kan kowace maƙala. Layi goma ne, ba zai ci takarda ba.

Na biyu kuɗi ne. Manyan mujallun ƙetare da yawa sai an biya kafin a karanta, wasu kuma marubuci ne yake biya kafin a buɗe maƙalarsa ga kowa, kuma kuɗin kan fi albashin malami na wata. Su kuma mujallun gida sukan yi fama da kuɗin ɗab'i, fitowa ta makara, kwafi kaɗan ne, kuma ba kowane ɗakin karatu yake samu ba. Intanet ta rage wannan matsala. Dandalin AJOL, wanda aka fara a 1998, yana tattara ɗaruruwan mujallun Afirka wuri guda. Dandalin Persée na Faransa yana ba da tsofaffin fitowar mujallu kyauta, har da Les Cahiers d'Outre-Mer.

Intanet ɗin kuma ta kawo nata ciwon, wato mujallun bogi. Waɗannan suna karɓar kuɗi su buga kowane irin rubutu cikin kwanaki kaɗan, ba tare da tantancewa ba. Alamarsu ita ce alƙawarin bugawa cikin mako guda, da aiko wa mutum saƙon roƙo, da haɗa likitanci da noma da adabi a mujalla ɗaya. Ɗaliban da suke gaggawar kammala digiri su ne suka fi faɗawa hannunsu.

Abin da mai karatu zai iya yi

Ba sai mutum ya iya Faransanci zai ci amfanin wannan tsari ba. Idan wani ya zo da magana a taron gari, ya ce bincike ya nuna kaza, kuna da ikon yi masa tambayoyin masu tantancewa: wa ya yi binciken, a wane gari, a wace shekara, kuma a ina aka buga shi? Binciken da aka yi a ƙasar laka ba lalle ya dace da jigawa ba, kuma taswirar da aka zana shekara 30 da suka wuce ba ta san sababbin unguwanni ba.

Idan masu bincike suka sauka a ƙauyenku ko unguwarku, ku karɓe su, ku gaya musu gaskiyar abin da kuka sani, domin abin da dattijo ya tuna game da inda ruwa ya tsaya a wata shekara yana iya cike giɓin da ma'auni ya bari. Amma ku tambaye su abin da za a yi da amsoshinku, ku nemi kada a sa sunan kowa ba da yardarsa ba, kuma ku roƙi su dawo su bayyana sakamakon da harshenku a gaban jama'a. Mai gari ko shugabar ƙungiya ta rubuta sunan jami'arsu da ranar zuwansu a littafin ƙungiya.

Idan kuna da ɗa ko 'ya a jami'a ko babbar sakandare, ku sa su nemo maƙalar da ta shafi yankinku, su fassara muku taƙaitawarta, ku duba taswirar tare. Taswira ba ta bukatar dogon karatu. Wanda ya san garinsa zai gane kogi da hanya da tudu. Malamin ajin yaƙi da jahilci yana iya mai da irin wannan fassara darasin karatu na mako guda, gidan rediyon gari kuma yana iya gayyato malamin labarin ƙasa ya amsa tambayoyin masu saurare. Wanda kuma yake shirin sayen fili a Yamai, musamman a ƙetaren kogi ko kusa da kwarin Gunti Yena, kafin ya biya kuɗi ya je ma'aikatar magajin gari ya nemi a nuna masa ko filin yana cikin wuraren da ruwa yake kwanciya, ya kuma tambayi tsofaffin unguwar inda ruwa ya kai a 2012 da 2020.